Saƙon Adda ga Turawa

Jiya bayan la'asar ina zaune a falo nan Gwarinpa ina tsintar shinkafa, sai ga 'yata ta faɗo ɗakin da waya a hannu kamar wadda ta ɗauko garwashi. "Mama duba, duba! Jikarki ce, yau take cika shekara ashirin!" Na gyara tabarau na leƙa. Ga yarinyar can ƙasar Turawa inda take karatu, ƙawaye sun kewaye ta, an kifa mata wata hular takarda mai tsini kamar mazurari, ga kek an jera masa kyandir ana ta waƙa da tafi. Ita kuwa uwar, da girmanta da komai, sai tsalle take tana kwaɗa wa yarinyar kira da sunanta na yanka, gatsal, har sau uku, har da su "ina son ki". 'Yar farinta ce fa! Oh ni, duniya ina za ki da mu? Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na fasa. Na ajiye tiren shinkafar, domin waƙar nan da suke rerawa na taɓa jin an rera mini ita sau ɗaya a rayuwata, kuma har gobe ban warke ba.

Mu a zamaninmu wa ya san wata ranar haihuwa? A rugarmu da ke bayan Gwagwalada, tun Abuja tana daji, tun birai ne ke zaman ofis a inda ma'aikatun nan suke yanzu, ba a ƙirga mutum. Ba a ƙirga 'ya'ya, ba a ƙirga shanu a gaban baƙo, balle shekaru. Tsofaffi kan ce abin da aka ƙirga an nuna wa mutuwa hanyarsa. In ka tambayi tsohuwa yaushe aka haifi wane, sai ta harare ka ta ce, "Lokacin da Allah ya so." Mu dai abin da muka sani shi ne kukan maruƙa da asuba, da ƙarar nono yana zuba cikin ƙwarya, cur-cur-cur, da gunjin tulun kaɗa mai, da warin hayaƙin da ake turara wa shanu saboda ƙuda. Da waɗannan muke gane gari ya waye, da su muke gane mun girma. Ranar da aka ce ki ɗauki ƙwaryar nono ki bi mata kasuwa, to kin isa ke nan, babu kyandir babu tafi.

Ni 'yar fari ce, kuma duk wanda ya san mutanenmu ya san abin da wannan ke nufi. Uwar da ta haife ni ba ta kiran sunana, ba ta kallona ido da ido, ba ta zama inda nake in da mutane. Ni ma ban taɓa ce mata Inna ba, Adda nake ce mata kamar yadda ƙannenta ke kiranta. In ta matsu sai ta yi mini magana, sai ta juya wa bango fuska ta ce, "Ke, waccan." Ana yaye ni aka miƙa ni ga Goggo, ƙanwar babana, wadda ke auren wani duba-gari a cikin gari. Ranar kasuwa Adda kan shigo da tallan nono, ta bi ta ƙofar gidanmu, ina tsaye ina kallonta, ta wuce kamar ta ga turmi. Ƙannena kuwa ta goya wannan, ta ja hannun wancan, ta kira kowa da sunansa. Goggo takan ce, "Kunya ce, 'yar nan, kunya ce. Uwar da ta nuna son ɗan fari a fili ta zubar da mutuncin danginta." Ina jin ta dai. Amma a raina na riga na yanke hukunci tun ban kai in ɗaura zane ba: matar nan ba ta ƙaunata. Kunyar me za ta hana mutum ko murmushi?

Mijin Goggo ne ya kai ni makarantar boko, duk da tsegumin dangi. Hedimasta ya tambayi ranar haihuwata, aka yi ta kallon-kallo. Sai ya ce in ɗaga hannun dama ta saman kai in kamo kunnen hagu. Na kamo. Ya dubi silin, ya dubi haƙorana kamar mai cinikin akuya, ya rubuta wata rana a tsakiyar watan sanyi. Shi ke nan an haife ni. Ranar nan ta bi ni cikin kowace takarda, har makarantar koyon jinya, har fasfo.

Sai ga mulkin farar hula ya zo, ga kuɗin mai kamar a bakin ƙwarya. Kai, wanda bai ga lokacin nan ba sai dai a ba shi labari. Malamin firamare da sabon babur, kowane gida da rikoda, kaji daskararru daga ƙasashen waje har a ƙauye. Aka fara gina sabon babban birni a dajinmu, aka ce asibitocinsa na buƙatar ƙwararrun ungozoma. Haka aka zaɓe mu, mu 'yan kaɗan, aka ce mu tafi Ingila ƙarin karatu na shekara biyu. Da na je ruga sallama, Baffa, wato mahaifina, ya sa mini albarka, mata suka yi ta koke-koke. Adda ko leƙowa ba ta yi ba. Ta bayan zana na ji muryarta tana ce wa Goggo, "A gaya wa waccan ta riƙe salla." Da wannan na hau jirgi.

Garin da aka kai mu ruwan sama ba ya gajiya a cikinsa. Ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe kamar an yi isha. Ba kiran salla, ba kukan zakara, maƙwabci ba ya ce maka ina kwana. Da ba don Bose ba da hauka zan yi. Bose Bayarabiya ce, haihuwar Sabon Garin Kano, ɗakinmu ɗaya, ga dariya ga kyauta ga shisshigi. Hausarta irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" take ce musu. Wata rana ta ɗauki fasfona tana dubawa, ta ce, "Kai, ranar haifuwar ka ya kusa fa!" Na yi dariya na ce ai wannan ranar hedimasta ce, tawa Allah kaɗai ya sani. Ta zaro ido. "Maman ka fa? Ba ka tambaye shi ba?" Ban san abin da ya kai bakina ba, kaɗaici ne ko sanyi, na ce mata, "Uwata ko sunana ba ta taɓa faɗa ba, Bose. Ina jin ta ma manta ta haife ni." Na ga ta yi shiru, abin da ba halinta ba. Ashe ruwa ba ya tsami banza.

Ranar hedimasta ta zo, ni na ma manta. Na taso daga asibiti da yamma a gajiye, ƙafafuna kamar ba nawa ba, na tura ƙofar ɗakin da muke taruwa mu ci abinci. Duhu ƙirin. Kafin in lalubi makunni sai fitila ta kama, mutane suka fasa ihu gaba ɗaya. Innalillahi! Jakata ta faɗi, na ja da baya ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, wallahi na ɗauka gobara ce. Sai na ga Bose tana tuntsira dariya. Ɗakin cike: 'yan ajinmu Turawa, wasu 'yan Indiya biyu, matar da ke kula da gidan, da samari uku 'yan Arewa masu karatun injiniya waɗanda muke gaisawa da su daga nesa. Aka turo wani kek gabana da wuta tana ci a kansa. Wuta a kan abinci, jama'a! Aka ce wai in hure. Ni da Goggo ta taɓa kwaɗa mini ludayi a baki don na hura kunu, yau ni ce zan tofa wa abincin mutum ashirin iska? Suka ƙirga kyandir ɗin da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya har ashirin da huɗu, ina jin kowace lamba kamar ana nuna ni da yatsa. Na dai runtse ido na hure don a rabu da ni, aka yi tafi, aka rera waƙar nan. A raina na ce to an gama, Allah ya raba mu da na gaba.

Ashe ba a fara ba. Bose ta ɗora rikoda a kan tebur, ta ɗaga wani kaset sama tana rawa da shi. Ta yi wa taron bayani da Turanci cewa yayanta, Oga Tunde, yana aikin awon ƙasa a sabon birnin da ake ginawa, dab da garinmu, kuma ta rubuta masa ya nemo mahaifiyata ya ɗauko muryarta. Jiya-jiya kaset ɗin ya iso, ita ma ba ta saurara ba, ta ce tare za mu ji. Na ce, "Bose, kada ki kunna." Ta ce, "Haba, zauna mana! Kyauta ne!" Ta danna.

Da farko wani shuuu, sai kukan maraƙi, sai zakara. Nan take na san wannan zakaran ba na Ingila ba ne. Sai muryar namiji: "To Mama, yi magana, injin yana ji." Sannan na ji ta, muryar da na saba ji ta bayan zana, yau tana rawa kamar ta mai zazzaɓi.

"Salamu alaikum, manyan ƙasar Turawa. Ni ce uwarta. An ce in ban faɗa da bakina ba, to za ku koro ta, karatunta ya lalace. To ga shi zan faɗa, Allah ya yafe mini rashin kunya. Sunanta..."

Ta faɗe shi. Sunana na yanka, cikakke, ta ja shi a hankali kamar mai tsoron kada ya fashe. Na jawo kujera na zauna.

"Na haife ta ranar Alhamis, tara ga watan azumin tsofaffi, damina ta yi nisa ana shirin yankan gero. Kwana biyu ina naƙuda ban gaya wa kowa ba, ina tatsa ina zuwa rafi. A bayan garke na durƙusa ni kaɗai. Tana da tabo baƙi a bayan kunnenta na hagu, ku duba za ku gani, ita ce, ba wata ba ce. Damina ashirin da shida ke nan. Ban ɓata lissafi ba, don ƙwaryar da aka yi mata wankan fari tana wurina, duk damina ina yi mata tsaga ɗaya a baki, ba wanda ya sani. Yarinyar ba ta da faɗa, sai taurin kai, kuma nawa ta ɗauko. Ba ta son sanyi tun tana jaririya, a riƙa ba ta abin rufa. In ta yi muku laifi ni za ku kama. Don Allah, don Annabi, kada ku koro mini 'yata."

Kaset ya yi ƙas ya tsaya. Turawa suka ɓarke da tafi, wata har da share hawaye tana cewa muryar akwai daɗi, a fassara musu. Samarin nan uku kuwa kowa ya sunkuyar da kai kamar an kama shi yana leƙen banɗaki. Babban cikinsu ya miƙe, bai dube ni ba, ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, 'yar'uwa," suka fice da kek ɗinsu a faranti ba su taɓa ba. Su sun san abin da suka ji. Matar da ko a gaban mijinta ba ta taɓa ambaton naƙuda ba, yau ga ta an baje ta a kan tebur tsakanin kwalaben lemo, maza baƙi suna saurare.

Ban san lokacin da na fizge rikodar ba. Na juya kan Bose, na manta da Turanci kaf, na zazzage mata Hausa tas. "Me kuka gaya mata? Me ɗan'uwanki ya gaya wa uwata?" Daga baya wasiƙar yayan nata ta bayyana komai, har yana yabon kansa. Wai ya je rugar sau biyu a motar aiki, Adda na jin abin da ya kawo shi ta shige ɗaki ta ƙi fitowa. A zuwa na uku sai ya yi dabara: ya sa hular aikinsa, ya riƙe manyan takardu, ya ce daga gwamnati yake, Turawa sun ce takardun yarinyar ba su cika ba, in uwa ba ta faɗi suna da ranar haihuwa ba, to za a sako ta a jirgi a dawo da ita. Dabara! Garin neman gira aka rasa ido. A daren nan dai Bose ta durƙusa a gabana tana kuka, "Wallahi ban sani ba, na so ka yi murna ne kawai." Na san gaskiya ta faɗa, amma sai da na yi wata guda ban ce mata ci kanki ba. Ita ce dai har ta rasu a Kubwa shekarun baya ba ni da aminiyar da ta fi ta.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne kaina. Ina jin haushin abin da aka yi wa Adda kamar in mutu, amma kaset ɗin yana ƙarƙashin matashina. In na taso aiki sai in kulle ƙofa, in rage murya, in mayar da shi daidai wurin sunan, in ji, in sake mayarwa. Na je gaban madubi na lanƙwasa kunnena na hagu, ga tabon nan, ni da kaina ban san da shi ba. Shekara ashirin da shida ina cewa matar nan ba ta kallona, ashe har bayan kunnena ta sani. Na yi kuka a garin nan har matar gidan ta ɗauka mutuwa aka yi mini. Da muryar Adda na ci jarrabawata, wannan kam ba ƙarya.

'Yan yanzu komai nasu a waya yake. Yaro ya yi atishawa an ɗauka, ya fara tafiya an watsa wa duniya, uwa ta ce "ina son ka" sau goma kafin azahar har kalmar ta zama kamar "sannu". Ban ce laifi ba ne, wataƙila ma su suka fi mu gaskiya. Jikata da ta zo hutu bara na ba ta labarin nan, ta yi tsalle ta ce in kawo kaset ɗin a juye mata a waya. Na buɗe durowa na nuna mata ƙwaryar, wadda na gada bayan rasuwar Adda, da tsaga arba'in da ɗaya a bakinta. Na ce kaset kam babu. Ta ce ya ɓace ne? Na ce a'a, zauna ki ji.

Da na gama karatu na dawo, da ƙyar na gane ƙasarmu. Katafila ta baje dajin da muke kiwo, jajayen hanyoyi ko'ina, an tashi rugarmu an matsa da ita can gindin dutse. Tun daga cikin jirgi nake shirya yadda zan gaya wa Adda gaskiya: cewa babu wasu manyan Turawa, babu kora, wasan yara ne aka yi da ita, kuma maza sun ji. Na ga haƙƙinta ne ta sani. Dangi suka tare ni da guɗa, aka yanka rago, ita ko alamarta. Sai da rana ta yi sanyi mutane suka ragu, na zaga bayan ɗakinta na same ta tsugune a gaban murhu tana tuƙa tuwo. Ta rame, furfura ta fito mata. Na durƙusa daga nesa na gaishe ta. Ta amsa wa tukunya. Ta ci gaba da juya muciya.

Can ta ce, ba ta juyo ba, "Mutanen can, sun ji saƙon?"

Duk maganar da na shirya ta tsere. Na dubi bayan wuyanta, na ga jijiya tana harbawa. Shekara guda da rabi matar nan tana ɗauke da wannan tambayar, ba ta da wanda za ta yi wa.

Na ce, "Sun ji, Adda. Shi ya sa suka bar ni na gama."

Muciyar ta tsaya. Ta sauke wata ajiyar zuciya, ta ce, "Alhamdu lillahi. Su kaɗai suka ji?"

"Su kaɗai."

"Abin yana ina?"

Da na ce na baro shi can, da ta yarda. Amma na riga na yi mata ƙarya biyu a zama ɗaya, ta ukun ta ƙi fita. Na kwance bakin gyalena na fito da shi, don ko a jirgi ban yarda ya shiga akwati ba. Ta saci kallonsa ta wutsiyar ido, ta kau da kai da sauri kamar ta ga tsiraicinta.

"A ƙone shi."

Jikata ta dafe ƙirji ta ce, "Kaka, kin ƙone?" Wallahi da hannuna. Na san ba zan ƙara jin sunan nan a bakinta ba har abada, kuma ban ƙara ba. Amma mutuncinta ne a ciki, ta ba da shi aro ne don ta cece ni, yanzu ta ce a dawo mata da kayanta. Na matsa gaban murhun, kusa da ita yadda ban taɓa matsawa ba tun da aka yaye ni, na tura shi cikin garwashi. Robar ta lanƙwashe, zaren ya kama ci, wani baƙin hayaƙi mai wari ya turnuƙe ni, hawaye na zuba ban ko share ba. Adda ta ci gaba da tuƙinta, fuskarta na wajen bango. Sai na ji ta ce, ƙasa-ƙasa:

"Ke, waccan, matsa daga hayaƙin nan, kada ya ɓata miki ido."